Gidan kallon ƙwallo a Tudun Wada: hoto tangaran, shayi mai kauri, amma ƙofa ɗaya da kwaɗo

Rabona da gidan kallon ƙwallo ya haura shekara goma. Tun da na samu 'yar talabijin ɗina a ɗaki na yafe wa kaina warin zufa da musun yara. Ɗan ƙanwata ne ya ɗaga ni, da naci irin nasa: "Kawu, wannan fa ba irin wanda ka sani ba ne, ka zo ka gani da idonka." Na je sau uku kafin in rubuta wannan, biyu da dare, ɗaya da yammacin Asabar. Sunan gidan ba zan kama ba, domin akwai abin da zan faɗa wanda ba yabo ba ne, kuma mai wurin yaro ne mai neman halaliyarsa. 'Yan Tudun Wada ta Zariya dai sun san inda nake nufi.

In fara da abin da ya burge ni. Zaure ne dogo, rufin kwano amma an yi masa silin, saboda haka zafin bai dafa mutum kamar gidajen da muka saba, inda kake fita kamar an tsamo ka daga rafin Kubanni. Majigi ɗaya babba a gaba, talabijin huɗu a gefe, biyu kowane ɓari. Hoton tangaran ne, har lambar rigar ɗan wasa nake karantawa daga benci na takwas ba tare da tabarau ba. Fanka shida, biyar na aiki. Ranar wasan Firimiya na yau da kullum naira 300 aka karɓa a hannuna, daren Madrid da Barca kuma 500. Wasu na ƙorafin tsada, ni kuwa da na san kuɗin man janareto a yanzu ban ga laifinsa ba. Yana da sola da batir da ke riƙe majigi da dikoda idan an ɗauke wuta, kafin a tayar da inji, don haka ba a rasa ƙwallo saboda NEPA. Wanda ya taɓa zama cikin duhu yana jiyo ihun maƙwabta alhali bai san wa aka ci ba, shi ya san darajar wannan.

A bakin ƙofa akwai mai shayi, kuma shayinsa ba ruwan bunu ba ne, mai kauri ne, da ƙwai da burodi ga mai hali. Akwai tabarmi da butoci a gefe, ana rage sauti idan an kira Magariba, kuma na ga mai gidan da kansa yana cewa yara su tashi. Banɗakin kam sai a hankali. Kada in tsaya a kansa, mutum ya gama uzurinsa tun daga gida.

Abin da ya tsayar da ni cak da na shiga shi ne shingen ƙarfe. Tun daga gaban majigi har kusa da bangon baya, an raba zauren biyu da ragar ƙarfe irin ta tagar shago, tsayinta ya kai kafaɗata. Yaron ƙofa na karɓar kuɗinka zai tambaye ka, "Baba, wane ɓangare?" Ranar Madrid da Barca kowa da nasa gefen, ranar Man U da Arsenal haka. Na ce masa ni ɗan kallo ne kawai, ba ni da kulob. Ya dube ni kamar na ce ba ni da uba, sannan ya tura ni wajen 'yan Madrid don can ɗan ƙanwata yake.

Na tambayi dalilin shingen. Aka ce a tsohon wurin da mai gidan yake haya an taɓa kaurewa da faɗa, daga musun fenariti aka koma zagin iyaye, aka karya benci a kan wani, aka fasa talabijin guda. Da ya buɗe nan sai ya rantse ba za a sake ba. A bango kuma ya rubuta dokoki da jan fenti: ba zagin iyaye, ba shigowa da wuƙa ko gora, ba shaye-shaye, ba caca a ciki, wanda ya ɗaga hannu ya daki wani ya bar gidan har ƙarshen kaka. Kuma ba rubutun ado ba ne. Akwai wani littafi a hannun yaron ƙofa, na ga an mayar da wani saurayi gida yana rantse-rantse, wai saura wata biyu hukuncinsa ya ƙare.

Ina zaune ina kallon ragar nan sai zuciyata ta tafi 1985. Ina ajin ƙarshe na sakandare a lokacin, kuma a rediyon mahaifina na ji labarin da safe, muna karin kumallo. Ranar 29 ga Mayu aka buga wasan ƙarshe na kofin Turai tsakanin Liverpool da Juventus a filin Heysel da ke Brussels. A bayan raga guda, magoya bayan Liverpool na tsaye, kusa da su kuma wani yanki da aka ce na 'yan ba-ruwanmu ne, amma tikitinsa ya faɗa hannun Italiyawa. Abin da ya raba su 'yar waya ce marar ƙwari. Tun kafin a take wasa aka fara jifa, sai 'yan Liverpool suka keta wayar suka yi kansu. Mutane suka gudu suka matsu a jikin wani tsohon bango, bangon ya rushe. Mutum 39 suka mutu, 32 daga cikinsu Italiyawa. Abin da mahaifina ya kasa ganewa har ya bar duniya shi ne an buga wasan a daren, Platini ya ci wa Juventus da fenariti, ta ɗauki kofi, gawarwaki na kwance a waje. Ya ajiye kofin kokonsa ya ce, "Waɗannan su ne suka zo koya mana wayewa?"

Yaran da ke kallon Firimiya yanzu, da ciyawa kamar darduma da mata da yara zaune a kujera suna ɗaukar hoto, ba su san yadda filayen Ingila suke a wancan zamani ba. Ni ma ba zuwa na yi ba, a tsofaffin mujallun ƙwallo na gwanjo da muke saye a kasuwar Sabon Gari na fara gani, daga baya na bi diddigi. Talaka a tsaye yake kallo, a kan matattakalar siminti, dubbai a cunkushe, idan aka ci ƙwallo na baya su turo na gaba kamar ambaliya. Kusan kowane babban kulob yana da 'yan dabarsa masu suna da tsari. Na West Ham ana kiransu Inter City Firm, sun samo sunan daga jirgin ƙasan da suke bi zuwa wasan waje, har kati suke bugawa su ajiye wa wanda suka jibga don ya san hannun wa ya faɗa. Na Chelsea Headhunters, na Millwall Bushwackers, na Leeds Service Crew. Babban abin alfaharinsu shi ne su kutsa ɓangaren masu gida su kore su daga wurin tsayuwarsu, kamar yadda 'yan wata unguwa ke shiga wata da sunan farauta. Da yawansu sun daina sa rigar kulob, sai tufafi masu tsada, don kada ɗan sanda ya gane su a tasha. Duk wanda ya san 'yan sara-suka ya san irin wannan tunanin. Ƙwallon hujja ce kawai, abin da ake nema shi ne a ce unguwarmu ta fi taku maza.

Ba a gida kaɗai suka tsaya ba. A 1974 magoya bayan Tottenham sun yi tarzoma a Rotterdam, a 1975 na Leeds suka ɓalle kujeru a Faris bayan Bayern ta doke su a wasan ƙarshe. Shekarar 1985 ce dai ta fi muni. A watan Maris 'yan Millwall suka mamaye filin Luton, suka tumɓuke kujeru suna jifan 'yan sanda, duk ƙasar na kallo a talabijin. Luton ta fusata har ta hana magoya bayan baƙi shiga filinta na wasu shekaru. Shugaban Chelsea na lokacin, Ken Bates, shi nasa maganin ya fi na kowa ban mamaki: ya kewaye fili da waya mai lantarki irin ta tsare shanu, hukumar birnin Landan ce ta hana a kunna ta. Bayan Heysel kuma aka kori kulob-kulob na Ingila daga wasannin Turai shekara biyar, Liverpool shida.

To, maganin da hukuma ta fi yarda da shi a lokacin shi ne ƙarfe. A kafa doguwar raga tsakanin 'yan kallo da fili, a yanyanka wurin tsayuwa gida-gida kamar akurkin kaji, kowane rukuni a kulle shi a nasa. A ido abin ya yi daidai, kamar yadda shingen gidan kallon nan ya yi daidai a idon mai shi.

Sai ranar 15 ga Afrilu 1989, a filin Hillsborough da ke Sheffield, wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA tsakanin Liverpool da Nottingham Forest. Ranar babu faɗa, babu 'yan daba. Jama'a sun taru a waje, 'yan sanda suka ba da umarnin buɗe wata babbar ƙofa don rage cunkoso, mutane suka kwarara ta wani rami da ke kaiwa ga akurki biyu na tsakiya, waɗanda tuni sun cika. Gaba raga, gefe raga, baya jama'a na shigowa ba su san abin da ke faruwa ba. Minti shida da fara wasa aka tsayar. Mutum 96 aka lissafa sun mutu, haka adadin ya tsaya shekara da shekaru, a 2021 aka ƙara na 97 wanda ya daɗe yana jinyar raunin ranar. Da farko an ɗora laifin a kan magoya baya, an ce mashaya ne, jaridar The Sun ta buga hakan a shafin farko, kuma har yau mutanen Liverpool da yawa ba sa taɓa ta. Sai a 2016, bayan shekara 27 iyalai na fafutuka, binciken kotu ya wanke 'yan kallo ya ce kisa ne ba bisa ƙa'ida ba. Ragar da aka kafa don tsoron 'yan daba ita ta hana bayin Allah fita. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Rahoton alƙali Taylor na 1990 shi ya sa aka sauke ragogin aka mayar da manyan filaye na zaune, kowa da kujerarsa da lambarta. Aka haɗa da kyamarori, da dokar hana fitinanne zuwa fili. Wato a san kowa da fuskarsa, a cire mai laifi shi kaɗai, a bar sauran su yi kallo kamar mutane.

Shi ya sa nake cewa littafin da ke hannun yaron ƙofa ya fi shingen nan amfani sau goma. Mai gidan ya riga ya gano maganin gaske da kansa, bai dai sani ba. A daren Madrid da Barca na lura da kyau. Ragar ba ta hana zagi ba, ƙara shi ta yi. Yaron da ba zai iya kallon idon maƙwabcinsa ya gaya masa magana ba idan kafaɗarsu na gogar juna, yanzu ya samu katanga, sai ya miƙe ya riƙe ƙarfe yana zazzaga rashin kunya, ya san ba mai iya cafko shi. Da aka zura ƙwallon farko na ga ledar ruwa ta tsallaka, ta dawo da ɓawon rake. Wa da ƙani uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya nan ɗaya can, suna nuna wa juna yatsa. Ranar Asabar kuwa, da ake nuna wasanni uku lokaci guda kuma kowa ya zauna inda ya ga dama, ɗan Chelsea kusa da ɗan Arsenal, sai tsiya da dariya, har ana sayen wa juna gyaɗa.

Na san jifa a filin ƙwallo, ba labari aka ba ni ba. Ina saurayi mun taɓa bin mota zuwa Kaduna kallon wasan lig, aka tashi ba yadda masu gida suke so ba, dutse ya same ni a bayan kunne, tabon na nan. Kuma abin bai wuce ba a ƙasar nan, ko a 2022 an farfasa motar Katsina United a Kano, har aka zabge wa Pillars maki uku. Don haka ba ina raina tsoron mai gidan ba ne. Tsoronsa na da tushe.

Amma babban abin da ya sa na zauna rubuta wannan ba shingen ba ne, kwaɗo ne. Ƙofar zauren ɗaya ce, ta ƙarfe, faɗinta bai wuce mutum biyu ba, kuma ciki take buɗewa. Ana take wasa da minti goma sai yaron ƙofa ya ja ta ya saƙala kwaɗo ta ciki, ya jefa makulli a aljihu, saboda masu saɗaɗowa ba su biya ba. Tagogin duka da ƙarfe. Shingen kuma ya tsaya ne taku biyu kafin bangon baya, don haka duk wanda ke ɓangaren hagu sai ya zagayo ta wannan 'yar kafar kafin ya kai ƙofa. Na ƙirga benci, na ƙirga kawuna, a daren mun haura ɗari da hamsin.

Ana cikin zagaye na biyu aka ɗauke wuta. Majigi bai mutu ba, amma fitilu da fanka suka tsaya, kuma da aka tayar da inji sai wani soket a ɓangaren hagu ya yi tartsatsi, warin ƙonewar roba ya tashi. Wani ya ce "Wuta!" Kalma ɗaya. Ban taɓa ganin mutane sun miƙe lokaci guda haka ba. Na hagu suka yo baya suka cushe a kafar nan, na dama suka yi ƙofa, yaron makulli kuwa yana can gaba ya tafi kallon bugun tazara. Ni ina tsakiya, ƙirjina a jikin ragar, ɗan ƙanwata ya sa hannu biyu ya tokare don kada a danne ni, yana ta cewa "Kawu, kar ka faɗi, kar ka faɗi." Abin bai kai minti ɗaya ba. Mai gidan ya kashe layin, ya haska tocila, ya daka tsawa cewa ba komai, aka koma zama ana dariya ana tsokanar waɗanda suka fi kowa gudu. Wani ya rasa takalmi ƙafa ɗaya, wani ya ƙuje gwiwa, shi ke nan.

Ni ban yi dariya ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Accra na tuna, 9 ga Mayu 2001, Hearts of Oak da Asante Kotoko. Hearts ta ci biyu a ƙarshen wasa, magoya bayan Kotoko suka fara jifa da kujerun roba, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga suka tarar da ƙofofi a rufe, mutum 126 suka tafi. A Port Said ta Masar ma a 2012, da magoya bayan Al Masry suka far wa na Al Ahly, ƙofar fita a kulle take, sama da mutum 70 suka mutu. Kuma ba sai babban fili ba. A 2017 a Kalaba, wayar lantarki ce ta faɗo kan rufin gidan kallo ana wasan Man U da Anderlecht, aka rasa rayuka. Gidan kwano ne irin namu, mutane irin namu.

Da aka tashi na jira jama'a suka ragu, na samu mai gidan yana ƙirga kuɗi. Ya miƙe ya ba ni kujerarsa, yaro mai ladabi. Na ce, "Ɗana, gidanka ya yi kyau, Allah Ya sa albarka. Amma kwaɗon nan ka cire shi." Ya ce, "Wallahi Baba, in na bar ta a buɗe rabin unguwa kyauta za su kalla." Na ce to ya ajiye yaron a bakin ƙofa da benci, wanda aka ɗauka aikin ƙofa ba kallo aka ɗauke shi ba. Na ce ya juya ƙofar ta riƙa buɗewa waje, ya fasa wata a ɓangaren hagu, kuɗin bai kai na talabijin ɗaya ba. Na ba shi labarin Sheffield a taƙaice. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ɗan Liverpool ne tun yana firamare, yana ganin lamba 97 a bayan wuyan rigarsu amma bai taɓa tambayar ma'anarta ba.

Game da shingen kuwa bai yarda da ni ba, kuma bai ɓoye ba. Ya ce ni ban ga ranar da aka fasa masa talabijin ba, shi ya gani, shi ya biya. Na ce ya rage tsawonsa ko da rabi ne, don a samu hanya. Ya ce zai duba. Na san "zan duba" ta Bahaushe.

Ga mai tambaya ko ya je: idan wasan yamma ne na Asabar ko Lahadi, je ka, ba na jin akwai inda ya fi shi hoto da tsari tsakanin Tudun Wada da Agoro, kuma ba za a zagi mahaifiyarka ba. Idan babban dare ne na gasar zakarun Turai ko Madrid da Barca, ka je da wuri, ka zauna dama, layin baya, kusa da ƙofa, ko da kulob ɗinka na hagu ne. Ƙananan yara kuwa kada a kai su irin wannan daren tukuna.

Zuwana na uku, daren Laraba, na tarar ba kwaɗo. An sa sakata kawai, yaron na zaune a kan wani gajeren benci a jikin ƙofar, fuska a murtuke don daga nan rabin majigi kaɗai yake hangowa. An canja soket ɗin. A bangon hagu na ga an zana murabba'i da alli, daidai girman ƙofa, amma ba a fasa ba, wai ana jiran mai ginin ya amince. Shingen na nan yadda yake, har an sake masa fenti. Yaron ya karɓi 500 ɗina ya ce, "Baba, wane ɓangare?" Na ce ɓangaren ƙofa.